Raƙumi da Akala: Na'ura a Jikin Wani, Makulli a Hannun Wani

Cikin kayan da masana'antun Sin da Turai da Amurka suke ƙerawa a wannan zamani akwai wani rukuni da Bahaushe ba zai so ya ambata a gaban surukinsa ba. Na'urori ne da baligi yake ɗaura wa jikinsa da yardarsa, sa'an nan ya miƙa ikon sarrafa su ga abokin zamansa, wanda zai iya kasancewa a ɗaki na gaba ko a wata nahiya. Mai riƙe da linzami ya taɓa wayarsa, na'urar ta kulle, ko ta girgiza, ko ta saki ɗan tartsatsin lantarki. Masu yin haka wasa suke kiransa: ɗaya ya ɗauki matsayin mai mulki, ɗaya na mai biyayya, bisa sharuɗɗan da suka ƙulla tun farko. In aka kawo wannan labari a fada ko a ɗakin malamai, amsa biyu aka saba ji. Wasu su yi a'uziyya, su tofar da yawu, su ce iskancin Nasara ne. Wasu su yi dariya, su ce Bature ya ƙoshi ya rasa abin yi. Daga nan sai a rufe zancen.

Hukuncin addini da na al'ada a kan wannan wasa malamai sun isa su faɗe shi, kuma wannan rubutu bai zo nema wa kowa uzuri ba. Sai dai rufe zancen da tofar da yawu asara ce, musamman ga mutanen Abzin. Domin kuwa tambayar da ta tsaya wa maƙeran waɗannan na'urori a wuya ita ce wadda garuruwan uraniyom suka yi fiye da shekara hamsin suna jiran amsarta: idan aka ɗaura wa mutum wani abu a jiki, aka bar ikonsa a hannun wani da ke nesa, wa ya kamata ya riƙe makulli, wa kuma ya kamata ya ga abin da na'urar take rubutawa a kansa?

Yadda ake ƙera akalar

Ƙirar ba ta da wani sihiri, gaɓoɓi huɗu ne. Akwai abin da ke jiki, mai ɗan batir da ɗan injin kullewa ko na girgiza. Akwai siginar Bluetooth, wadda ba ta wuce ƴan mitoci, tana haɗa shi da wayar mai sanye da shi. Akwai babbar kwamfutar kamfanin da ya ƙera, inda umarni yake bi ta intanet. Sai kuma wayar wanda aka damƙa wa linzami. Mutum biyu suna zaton su kaɗai ne a cikin sha'aninsu, alhali na uku yana zaune a tsakaninsu, wato kamfani, kuma duk wanda ya iya haura katangar kamfanin ya zama na huɗu.

Masu wasan da kansu sun daɗe da kafa ƙa'ida: akwai kalmar da in mai biyayya ya furta ta, komai ya tsaya nan take, ba gardama. Maƙeri mai hankali shi ne wanda ya zuba wannan ƙa'ida a cikin ƙarfen. In batir ya mutu ko sigina ta yanke, na'urar ta saki da kanta. A sami mabuɗin hannu wanda ba ya jiran waya. A kafa wa ƙarfin lantarki iyaka a cikin injin, yadda ko mai linzami ya so ba zai iya tsallake ta ba, kuma kada a kusantar da shi ga ƙirji saboda zuciya. Duk abin da na'urar ta rubuta game da jikin mutum, mai jikin ya sani, ya kuma yarda.

Abin da ke faruwa in aka yi watsi da waɗannan ƙa'idoji ya fito fili a watan Oktoba na 2020. Kamfanin Qiui na ƙasar Sin ya ƙera wani keji mai suna Cellmate, wanda ake kulle gaban namiji da shi. Ba a yi masa makullin hannu ba, manhajar waya ce kaɗai take buɗe shi. Wani kamfanin binciken tsaron kwamfuta na Ingila, Pen Test Partners, ya tarar ƙofar babbar kwamfutar a buɗe take, ba ta neman kalmar sirri, ta yadda mutum guda zai iya kulle dubban mutane a lokaci ɗaya, ya karanta saƙonninsu, ya kuma san inda suke. Masu binciken sun kiyasta akwai irin wannan keji kusan 40,000 a hannun jama'a. Wanda aka kulle sai dai ya nemi injin yankan ƙarfe, a wurin da ba a son ko reza ta kusanta. Da aka matsa wa kamfanin, sai ya ba da shawarar a ɓalle na'urar da sukudireba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a farkon 2021 aka ba da rahoton masu kutse sun ƙwace linzamin wasu mutane, suna neman fansar 0.02 na kuɗin bitcoin kafin su saki.

Tun kafin wannan, a 2017, kamfanin Standard Innovation na Kanada, mai ƙera We-Vibe, ya amince ya biya dalar Kanada miliyan 5 domin kashe ƙarar da masu sayen kayansa suka shigar a Amurka. An tuhume shi da cewa manhajarsa tana aika masa lokacin da aka kunna na'ura, da ƙarfin da aka sa, har da zafinta, haɗe da adireshin imel na mai ita, ba tare da an sanar da kowa ba. Bai amsa laifi ba, amma ya biya, ya kuma yarda zai goge bayanan.

Wanda yake ganin yardar mai sanyawa ƙaramin abu ce, ya dubi ɗamarar lantarki da aka riƙa ɗaura wa fursunoni a Amurka a shekarun 1990. Jami'i yana riƙe da linzami, in ya danna, lantarki mai ƙarfin bolt 50,000 ya ratsa mutum na daƙiƙa takwas. A 1998 wata alƙaliya a Kalifoniya ta sa aka danna wa wani da ake tuhuma saboda yana katse mata magana. A 2005 Tarayyar Turai ta haramta cinikin irin wannan ɗamara, ta sa ta cikin kayan azabtarwa. Batir da sigina da linzami duk irin na wancan wasa ne. Abin da ya mayar da ita kayan azaba shi ne mai sanye da ita ba shi da bakin cewa a tsaya.

Kwaɗon da aka jefa rijiya

Mai saurin tofar da yawu ya tuna laifi tudu ne. Sha'awar sarrafa mutum daga nesa ta girmi Bluetooth a ƙasar Hausa. Akwai kiranye, na jawo wanda ya yi nisa. Akwai kurciya, ta korar wanda yake kusa. Akwai kuma mallaka, wadda a yau ake tallanta a Facebook da TikTok ba tare da kunya ba: boka ya tofa a kwaɗo, a kira sunan miji, a datse, a jefa a tsohuwar rijiya domin kada a taɓa buɗewa. Ko abin yana ci ko ba ya ci, niyyar mai ƙirar a fili take. Wanda aka ɗaure bai sani ba, bai yarda ba, kuma da gangan aka ɓatar da makullin. Kuskuren da ya ja wa kamfanin Qiui abin kunya a idon duniya shi ne ainihin abin da boka yake karɓar kuɗi a kansa.

Alhali ƙasar nan tana da wata makaranta ta dabam. Maƙeran Abzinawa sun shahara da ƙera kwaɗon jakar fata, na ƙarfe da tagulla, wani ma sai da makulli biyu ko uku yake buɗewa. Mai kayan ce take ɗaure makullin a gefen mayafinta, yana rataye a kafaɗarta duk inda ta nufa, har ya zama abin ado. A wannan sana'a, maƙerin da ya sayar da kwaɗo ya ɓoye makulli a aljihunsa ɓarawo ne sunansa. Da wannan ma'auni ya kamata a auna na'urar da mazan Arlit suka shekara da shekaru suna ɗaurawa.

Layar da mai ita ba ya karantawa

An kafa kamfanin Somair a 1968, ya fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971. An kafa Cominak a 1974, ya fara haƙa a Akuta, kusa da Akokan, a 1978, cikin rami mai zurfin mita 250. Haɗarin wannan aiki ba ya da wari, ba ya da launi. Akwai tururin da dutsen yake fitarwa, akwai ƙura, akwai kuma iskar radon da ke taruwa a cikin rami, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin manyan dalilan sankarar huhu bayan taba. Cutar takan jira shekara goma, ashirin ko fiye kafin ta bayyana, sau da yawa bayan mutum ya yi ritaya ya koma garinsu.

Tun da jiki ba ya jin abin da ke shigarsa, aka ƙera na'urar da za ta ji a madadinsa, ita ce dozimeta. Wata ƴar ƙarama ce da ake maƙalawa a riga. Wata a ɗamara ake ɗaura ta, tana zuƙar iskar da ma'aikaci yake shaƙa, tana tace ta. In lokaci ya cika a cire abin da ya tara awon a kai ɗakin gwaji, a fitar da lamba da ma'aunin da ake kira milisibat. Ƙa'idar duniya tun 1990 ita ce kada ma'aikaci ya wuce milisibat 20 a shekara in aka daidaita shekara biyar. A da 50 ce. Cikin ɗakunan gwajin da aka dogara da su wajen wannan awo har da Algade na Faransa, wanda a da reshen Cogema ne, babban mai hannun jari a kamfanonin haƙar.

Mai gardama zai ce dozimeta ba ta kulle kowa, ba ta jan kowa da lantarki, don kariya aka yi ta, haɗa ta da kejin Qiui zalunci ne. Gaskiya ne ba ta kullewa. Amma ita kanta ba ta tare ko ƙwayar ƙura ɗaya, ƙirga kawai take yi, kuma ikon yana cikin lambar da ta ƙirga. Lambar ce take yanke ko za a fitar da mutum daga rami ko a bar shi. Ita take yanke ko tarin da ya kwantar da shi cutar aiki ce ko ƙaddara. Ita take yanke ko matarsa za ta sami diyya ko ta'aziyya kawai. Wanda yake riƙe da wannan lamba yana riƙe da akalar mutum har bayan ransa, ko da yana zaune a nisan kilomita dubbai. Dozimeta ta zama kamar layar da baduku ya ɗinke: mai ita yana ɗauke da ita dare da rana, wani can ne ya san abin da ke rubuce a ciki.

Tsofaffin ma'aikata sun shaida wa ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa da ɗakin bincike mai zaman kansa na CRIIRAD, dukansu na Faransa, cewa a shekarun farko ba a faɗa musu haɗarin ba, kuma da kayan aikinsu suke komawa gida matansu su wanke. Kamfanin, wanda ya zama Areva, daga baya Orano a 2018, ya sha nanata cewa yana bin ƙa'idojin duniya, yana auna ma'aikatansa, kuma lambobinsu ba su wuce iyaka ba. To, mene ne ya faru da wani ya so ya auna da kansa? A watan Disamba na 2003 masanan CRIIRAD suka zo bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'man, wadda Almustafa Alhasan, ma'aikacin Somair, ya kafa a Arlit. A filin jirgin saman Yamai aka ƙwace manyan kayan awonsu. Da ɗan abin da ya rage a hannunsu suka gano ƙarafan da suka gurɓata ana sayar da su a kasuwar Arlit. A 2007 aka auna tururi mai yawa a kan titi, gaban asibitin Cominak a Akokan, domin da duwatsun ma'adini aka cike hanyar. A watan Nuwamba na 2009, bayan an ce an share, ƙungiyar Greenpeace ta sami wani wuri a titunan Akokan da awonsa ya ninka na al'ada kusan sau 500, kuma huɗu daga samfuran ruwa biyar da ta ɗauka sun wuce iyakar uraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Yaran da ke wasa a waɗannan tituna, da matan da suka girka abinci a tukwanen da aka ƙera da waɗannan ƙarafa, babu wanda ya ɗaura musu dozimeta.

Da aka je kotu ma, nisan akalar ne ya yi aiki. Wani Bafaranshe da ya yi aiki a Cominak daga 1978 zuwa 1985 ya mutu da sankarar huhu a 2009. A 2012 wata kotu a Melun ta ɗora wa Areva laifi. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta Faris ta soke hukuncin, bisa hujjar cewa Cominak, kamfanin Nijar, shi ne uban gidansa. Lokacin jan akala, hannun yana Faris. Da aka zo biyan diyya, sai aka ce raƙumin na Akokan ne. In iyalin Bature masu lauya sun ƙare a haka, ina ga gwauruwar da ke zaune a bukkokin bayan gari? Cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata da aka buɗe a jihar Agadas a ƙarshen 2011 ba ta cika shekara biyu ba Sherpa ta janye daga yarjejeniyar, a watan Disamba na 2012, tana cewa abin ya koma talla.

Sauya hannu

An rufe Cominak ranar 31 ga Maris, 2021, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000 na uraniyom, ya bar tarin sharar ma'adini ta kusan tan miliyan 20. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar mayar da Somair hannun ƙasa, inda Orano yake da kashi 63.4 cikin ɗari a lokacin. An yi murna, kuma murnar tana da dalili. Amma ƙwace kamfani daga hannun baƙo amsa ce ga tambayar wa ke da ma'adini. Tambayar wa ke da lambar da ke jikin ma'aikaci tana nan inda take. Hasali ma wani sabon haɗari ya ƙaru, domin in mai haƙa da mai sa ido da mai hukunci suka zama ƴan gida ɗaya, ma'aikacin da ya tambayi lambarsa zai iya shan zargin rashin kishin ƙasa. In kuma takardun awon shekara arba'in suka salwanta cikin rigimar gwamnati da kamfani, babu likita ko alƙalin da zai iya dawo da su.

Hujjar nema kuwa tana nan a rubuce. Ƙa'idojin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, wadda Nijar ke cikin mambobinta, sun wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci damar ganin awonsa, a kuma adana takardun har ya kai shekara 75 da haihuwa, kuma kada su gaza shekara 30 bayan ya bar aikin. Wannan haƙƙi ne, kuma haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, da shi da babu duk ɗaya.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

A nan aikin masu alli da masu dandali yake. Ɗalibin da ke makarantar ma'adinai ta Abzin a Agadas, ko EMIG a Yamai, ko jami'ar Agadas da aka kafa a 2014, gobe shi zai ƙera na'ura ko ya sayo ta ya ɗaura wa wasu. A koya masa, kafin ya iya haɗa waya da batir, ya riƙa tambayar kowace na'urar jiki abu uku: in ta lalace, sakin mutum take yi ko riƙe shi? Mai sanye da ita yana da mabuɗinsa na kansa? Abin da take rubutawa, ina yake tafiya, kuma mai jikin yana da kwafinsa? Waɗannan tambayoyi za su yi masa amfani har a gida, domin agogon bibiyar yara da manhajar da maigida yake dasawa a wayar matarsa a ɓoye duk dangin akala ɗaya ne.

Malamin kimiyya a Arlit ko Cirozerin da ya bar ɗalibinsa ya gama sakandare bai san mene ne milisibat ba, da Hausa da Tamajak, ya ci amanar uban yaron da ke cikin rami. Ƙungiyoyin al'adu kuma suna da kayan aiki a hannu. Akwai fim ɗin Idrissou Mora-Kpaï, Arlit, deuxième Paris, na 2005, da na Amina Weira, La colère dans le vent, na 2016, wadda mahaifinta ya yi aiki a ma'adinin. A haska su a unguwanni, a gayyato tsofaffin ma'aikata, a ɗauki shaidarsu tun suna da rai: wace shekara aka fara ba su dozimeta, wa ya karanta musu lambar, wace takarda suka tafi da ita ranar sallama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sa'an nan a haɗa murya da ƙungiyoyin ƙwadago a nemi abu takamaimai. Kowane ma'aikaci, har da na ƴan kwangila waɗanda aka fi mantawa da su, a ba shi takardar awonsa na tsawon aikinsa a hannu, ko a ba magadansa. A ajiye kwafin takardun Cominak da Somair a Nijar, a wurin da ba na kamfani ba. A ba ɗakin gwaji mai zaman kansa damar sake auna abin da aka auna. A bar ƙungiyoyin gari su mallaki ma'aunin tururi, kada kuma a sake ƙwace shi a filin jirgi.

Masu sayen We-Vibe sun kai kamfani kotu saboda ya san zafin na'urarsu ba da izininsu ba, suka kuma karɓi miliyoyi. Mutumin da ya shekara ashirin yana shaƙar radon a mita 250 ƙarƙashin Akuta, domin fitilun wasu su kama, ya fi su cancantar ya san abin da aka rubuta a kan huhunsa. Mai son tofar da yawu ya tofar, amma ya fara tambayar tsohon ma'aikacin da ke unguwarsu ko takardar tana hannunsa.